Sana'o'in Duniya: Mai zanen bisashen mutane

 Kowane wata muna ɗauko sana'a guda daga wata ƙasa, mu duba yadda masu ita suke cin abinci da ita, mu ga kuma abin da za mu ƙaru da shi. Sana'ar wannan wata baƙuwa ce gare mu. Ka zagaya kasuwar Maraɗi rumfa rumfa, ka je ta Damagaram, ka je ta Tawa, da wuya ka iske mai ita. A Turai da Amurka kuwa akwai maza da mata da yawa da suke ci da ita, suke biyan kuɗin haya da ita.

Ga yadda sana'ar take. Mutum yana da kare, ko kyanwa, ko doki, ko aku. Yana son dabbar nan ƙwarai da gaske. Sai ya nemi wanda ya iya zane, su yi ciniki. Mai zane ya zauna kwana da kwanaki, ya fitar da kamannin dabbar bisa takarda ko bisa ƙyalle. In ya gama a biya shi. Mai dabba ya kai zanen gida, ya rataye shi ga bango kusa da hoton iyayensa da na ƴaƴansa.

Wani zai yi dariya ya ce kuɗi ne suka yi wa mutanen nan yawa. To, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma mu yi tunani kaɗan. Makiyayi mai shanu 50 ya san kowace saniya da sunanta. Ya san uwarta, ya san kakarta. In garkensa ya gauraya da na wasu a bakin rijiya, ba ya ruɗewa. Mai karen Turai hakanan yake. Da kare dubu za su taru, zai nuna nasa. Shi kuwa nasan nan yake so a zana mashi, mai karyayyen kunne guda, mai farin tabo ga ƙirji, mai karkata kai in an kira shi. In aka kawo mashi zanen wani kyakkyawan kare daban, ba zai biya ba. Nan wuyar sana'ar take.

Ɗan majemi da dokin basarake

Sana'ar ta yi ƙarfi a Ingila yau fiye da shekara 250. A lokacin nan sarakuna da masu dukiya suna gasar dawakin sukuwa da karnukan farauta. Ɗaukar hoto ba ta bayyana ga jama'a ba sai cikin shekara ta 1839. Kafin nan, wanda yake son a tuna da dokinsa bayan ya mutu, dole ya nemi mai zane.

Gwanin wannan aiki shi ne George Stubbs. An haife shi a birnin Liverpool cikin 1724. Ubansa majemi ne, cikin fatu ya tashi. Da ya kama zanen dawaki sai ya ga kallon doki daga waje bai ishe shi ba. Wajen 1756 ya koma wani gidan gona a ƙauye. Wata 18 ya yi can yana feɗe gawar dawaki. Sai ya rataye doki, ya cire fata, ya zana abin da ya gani. Ya cire nama, ya zana jijiyoyi. Haka haka har ya kai ga ƙashi. Cikin 1766 ya fitar da littafi bisa ƙirar jikin doki, da zane-zanen da ya yi da hannunsa.

Wajen 1762 wani basarake mai sarautar Rockingham ya sa shi ya zana mashi dokinsa. Sunan dokin Whistlejacket. Jan doki ne mai hasken geza da wutsiya, yana da jinin dawakin Larabawa, ya kuma ci wata babbar sukuwa cikin 1759. Stubbs ya zana shi kusan daidai da girmansa, tsawon zanen ya kusa mita 3. Dokin ya ɗaga ƙafafun gaba. Babu mahayi, babu sirdi, babu linzami, babu icce ko gida a bayansa. Doki ne kaɗai, yana waiwayen mai kallo. Cikin 1997 babban gidan ajiyar zane na Landan ya sayi zanen nan fam miliyan 11, kuɗin Ingila. Da kuɗinmu na sefa ya haura miliyar 8. Dokin ya daɗe da zama ƙasa, amma har yau mutane suna zuwa kallonsa.

Abin lura a nan shi ne, sanin dabba yana gaban iya riƙe alƙalami. Abin da mahauci ya sani, da abin da mai doki ya sani, shi Stubbs ya fara nema kafin ya zama gwani.

Karen sarauniya da shanun huɗa

Bayansa an yi Edwin Landseer, wanda ya rayu daga 1802 zuwa 1873. Cikin 1836 aka sa shi ya zana wani ɗan kare mai suna Dash. Karen na gimbiya Biktoriya ne. Uwarta ce ta sa a yi zanen don ta ba ta kyauta. Shekara guda bayan haka Biktoriya ta hau gadon sarautar Ingila. Cikin 1841 ita ma ta sa Landseer ya zana karyar farautar mijinta, mai suna Eos, ta ba shi kyauta. Kun san halin mutane. Abin da gidan sarki ya yi, shi attajirai suke kwaikwayo, daga nan ya sauko ga masu ƙaramin ƙarfi. Ta haka zanen kare da kyanwa ya ƙara yaɗuwa cikin gidajen Ingila.

A Faransa mace ce ta yi fice. Sunanta Rosa Bonheur, an haife ta a Bordo cikin 1822, ta rasu cikin 1899. Gwamnatin Faransa ta ba ta aiki, cikin 1849 ta zana shanun huɗa 12 suna jan garma, shida gaba, shida baya. Wanda ya taɓa bin garma, in ya ga zanen nan zai gane nauyin ƙasar da gajiyar shanun. Rosa tana zuwa mahauta don ta san jikin dabba. Ta yi shekara guda da rabi tana zuwa kasuwar dawaki ta birnin Paris, sau biyu cikin mako, tana kallo tana zane. A zamanin nan ba a yarda mace ta sa wando ba, sai da ta karɓi takardar izini wurin ƴan sanda don ta shiga cikin dawaki ba tare da doguwar riga ta hana ta aiki ba. Zanen kasuwar dawakin da ta yi ya fi mita 5 faɗi. Tun 1887 yana wani babban gidan ajiyar zane na birnin New York, a Amurka. Cikin 1865 aka ba ta babbar lambar girma ta Faransa. Ita ce mace ta farko mai zane da ta same ta.

San da ya fi ƙarfin gaskiya

Yanzu ga labarin da ya fi kusa da mu. A ƙarshen shekarun 1700 manoman Ingila sun shiga gasar gyaran irin shanu da tumaki. Kowa yana so a ce nasa sun fi ƙiba. Mai bijimi nagari yana samun kuɗi ta hanyar ba da shi haya don barbara. To, yaya manomin da yake nesa zai san bijimin? Sai ta zane.

Cikin 1796 aka haifi wani maraƙi a gonar Charles Colling, a arewacin Ingila. Ya girma har nauyinsa ya haura kilo 1,000. Ku tuna, bijimin Azawak mai kyau bai cika wuce kilo 500 ba. Aka sa mashi suna San Durham. Cikin 1801 wani mutum mai suna John Day ya saye shi fam 250, ya sa shi cikin amalanken da aka ƙera dominsa, yana yawo da shi gari gari, mutane suna biya su gani. Cikin 1802 wani mai zane, John Boultbee, ya zana shi. Aka buga zanen bisa takardu, aka sayar da fiye da 2,000 cikin shekara guda. Har bisa faranta aka riƙa sa hotonsa. Cikin 1807 ya goce a ƙugu wajen sauka daga amalanke, bai warke ba, aka yanka shi.

Da masu kiwo suka ga zane yana kawo ciniki, sai ƙarya ta shigo. Mai sa ya ce wa mai zane ya ƙara nama nan, ya ƙara kitse can. Shi ya sa in ka ga zanen shanun Ingila na lokacin nan sai ka riƙe baki. Jiki kamar akwati, kai ɗan ƙarami, ƙafafu kamar tsinke. Da dabbar haka take da gaske, ba za ta iya tashi tsaye ba.

Wani mai zane, Thomas Bewick, wanda ya rayu daga 1753 zuwa 1828, ya ba da labarin abin da ya same shi cikin littafin tarihin rayuwarsa. An kira shi wata gona ya zana shanu da tumaki. Ya zana su yadda ya gan su. Masu bisashen ba su ji daɗi ba. Suka nuna mashi wasu zane-zane na bisashe masu tulin kitse, suka ce irin waɗannan suke so. Ya ce waɗannan ba su yi kama da bisashen da suke gabansa ba, kuma ba zai sa kitse inda bai ga kitse ba. Ya koma gida, aikin ya wuce shi.

Wannan jarrabawa tana nan har gobe ga duk mai wannan sana'a. Wanda zai biya ka yana so ka ƙawata mashi dabbarsa. Goge datti ga ido, ko gyara tsayuwar dabba, ba laifi ba ne, tunda a ɗaka za a rataye zanen. Amma in da zanen za a sayar da dabbar, ko a ba da ita haya, to ƙarin kitsen nan zamba ce. Wanda ya saya shi ne zai kwana ciki.

Kare da garmaho

Tsofaffinmu sun san garmaho da faifansa. Bisa wasu faya-fayen akwai hoton wani ɗan farin kare zaune, ya kara kunne ga bakin ƙahon garmaho. Karen nan an yi shi da gaske. Sunansa Nipper. Na wani mutum ne a Ingila. Da mutumin ya mutu cikin 1887, sai ƙanensa Francis Barraud, wanda yake mai zane, ya ɗauki karen. Karen ya mutu cikin 1895. Bayan shekara uku Barraud ya zana shi da ka, yadda yake tuna shi.

Cikin 1899 wani kamfanin garmaho ya ce zai saya, in ya goge na'urar da ya zana da farko ya sa irin tasu. Ya yarda. Suka biya shi fam 100. Fam 50 kuɗin zanen ne. Ɗayan fam 50 ɗin kuɗin haƙƙin buga shi ne. Daga ranar nan ikon sa hoton karen bisa kaya ya koma hannun kamfanin. Hoton ya zagaya duniya bisa faya-faye da ba su ƙirguwa. Daga baya kamfanin ya sa Barraud ya sake zana mashi irinsa har 24.

Ku lura da cinikin nan, kashi biyu ne. Sayen zane daban, sayen ikon buga shi daban. Kamar ka sayar wa mutum nonon saniyarka ne, saniyar tana nan taka. A dokar ƙasashen Turai da Amurka, wanda ya sayi zanen karensa yana da ikon rataye shi, ko ya ba da shi kyauta, ko ya sayar da shi. Amma buga shi bisa riguna ko buhunan kaya don ciniki, sai da yardar mai zanen, in ba an rubuta wani abu daban cikin yarjejeniya ba. Mai zanen da bai san wannan ba, sai ya sayar da saniya a kuɗin nono.

Yadda aikin yake tafiya yau

Da, mai zane shi yake zuwa barga ko gona, ya zauna yana jiran dabba ta tsaya. Yau wayar salula ta rage wahala. Mai zane yana iya zama a Faransa ya zana karen da yake Amurka, bai taɓa ganinsa da ido ba. Ga yadda masu kula da sana'arsu suke yi.

Na 1, mai dabba ya aiko da hotuna ta waya. Hoto guda bai isa ba. Ana son na gaba, da na gefe, da wanda ido ya fito sosai. Hoton da aka ɗauka waje da hasken rana ya fi na cikin ɗaki, don shi yake nuna launin gashi na gaskiya.

Na 2, mai zane ya yi tambaya. Yaya sunan dabbar? Shekararta nawa? Mai wasa ce ko mai natsuwa? Wane abu ne mai ita ya fi tunawa da shi? Amsar nan ita take nuna mashi wane hoto zai bi.

Na 3, a daidaita bisa girman zanen da kayan aiki. Akwai zanen fensir, da na gawayi, da na alli mai launi, da na fentin ruwa, da na fenti mai haɗe da mai. Kowane da kuɗinsa. Kai kaɗai ya fi jiki duka araha. Dabba biyu sun fi guda tsada.

Na 4, a biya wani abu tun farko. Da yawa suna karɓar rabin kuɗin kafin su taɓa takarda, tamkar kafin alƙalami. Dalili kuwa a fili yake. Tela in an ƙi karɓar riga, yana iya sayar wa wani. Zanen karen wani kuwa, wa zai saya? Amma mai zanen da ya karɓi kuɗi shi ma ya ɗauki kaya. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi mashi aski.

Na 5, a nuna wa mai dabba zanen farko tun ba a yi nisa ba. In kunne ya yi tsawo, ko hanci ya karkace, yanzu ne lokacin faɗi. Mai wayo yana faɗa tun farko sau nawa zai yi gyara kyauta.

Na 6, a gama, a jira ya bushe. Fenti mai haɗe da mai yana ɗaukar kwanaki, wani lokaci makonni, kafin a iya taɓa shi. Sannan a biya sauran kuɗi, a naɗe zanen da kyau, a kai gidan waya.

Duk wannan a rubuce ake yinsa: kuɗi nawa, girma nawa, wace rana. Magana ta baki iska tana ɗauke ta.

Wahalar da ba a gani

Daga nesa sana'ar kamar hutu ce, mutum yana zaune cikin inuwa da ɗan buroshi. Bari mu yi lissafi da kuɗinmu don a gane. Misali ne kawai. A ce mai zane ya yi ciniki jika 30. Takarda da fenti da katakon da za a sa zanen ciki sun ci jika 8. Naɗewa da aikawa sun ci jika 4. Saura jika 18. In ya yi kwana 6 yana aikin, ya samu jika 3 kowace rana. In mai dabba ya yi ta maido da aiki, gyara nan, gyara can, har aka ƙara kwana 3, to kwana 9 ke nan, jika 2 kowace rana. Ba a cire lanho ba, ba a cire kwanakin da babu aiki ba. Sabon shiga yakan ƙirga kuɗin fenti ya manta da kwanakinsa. Manomi ma yakan yi haka, ya ƙirga iri da taki ya manta da guminsa da na iyalinsa.

Sana'ar tana da kaka da rani. Kafin bikin Kirsimeti aiki yana yawa, don mutane suna ba juna zanen kyauta. Bayan biki sai kasuwa ta yi sanyi. Wanda bai yi tanadi ba ya sha wuya.

Akwai kuma wani nauyi. Da yawa daga cikin masu zuwa, dabbarsu ta riga ta mutu. Tsohuwa ce wadda ƴaƴanta suka watse, karen nan ne abokin zamanta shekara 12 ko fiye. Abin da ya rage mata ɗan hoto ne guda, mai duhu. Ba za a iya ɗauko wani ba. Dole mai zane ya yi haƙuri da ita, ya saurare ta, ya cika abin da hoton bai nuna ba da abin da ta faɗa. In kuwa ya ga hoton ba zai yi ba, gara ya gaya mata gaskiya tun bai karɓi kuɗinta ba.

Sai kuma sabuwar kishiya. Tun wajen 2022 an samu dabarar kwamfuta da ake ba hoton dabba ta fitar da abu mai kama da zanen hannu cikin ɗan lokaci kaɗan, da araha. Wannan ya taɓa cinikin masu zanen hannu. Shi ya sa wasunsu suke ɗaukar hoton aikinsu mataki mataki, suna nuna wa mai saye, don ya tabbata hannu ne ya yi. Mai sayar da aikin kwamfuta da sunan aikin hannu, ɗan'uwan mai ƙara kitsen nan ne.

Ina ruwanmu da wannan?

Ruwanmu da yawa. Karen farautar nan na Azawak, siriri mai dogayen ƙafafu, wanda makiyayan arewacin Tawa suka sani, an fara kai shi Turai cikin shekarun 1970. Cikin 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta sa shi cikin jerin irin da ta yarda da su. Yau yana cikin gidajen Turawa, da sunan ƙasarmu ake kiransa.

Zanen dabba kuma ba Turawa suka fara shi ba. A Dabus, arewa da Agadas bisa hanyar Arlit, akwai raƙuman dawa biyu da mutanen da suka sassaƙa bisa dutse yau shekaru dubbai. Babban ya fi mita 5. Duwatsun Abzin cike suke da zanen shanu, kowane da irin ƙahonsa. Masu zanen nan sun san dabba kamar yadda kuka san ta.

Akwai maganar addini, kuma ba za mu tsallake ta ba. Malamai sun yi magana bisa zana abu mai rai. Malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin mutum-mutumi mai inuwa, wanda suka hana, da zanen da yake shafe bisa takarda ko bango, wanda hukuncinsa ya fi sauƙi. Wasu malaman kuma sun tsananta ga duka biyun. Wanda yake son shiga sana'ar, ya je ya tambayi malaminsa.

Ko ba ka zana komi ba, ga abu uku da za ka riƙe.

Na farko, hoto yana ƙarya. Yanzu in Layya ta kusa, ana aika hoton rago ta waya, a yi ciniki daga nesa. Mai ɗaukar hoto in ya durƙusa ya ɗauko rago daga ƙasa, ragon yana ƙara girma. In ya tsayar da ƙaramin yaro kusa da shi, hakanan. Kada ka yi cinikin biri a sama. Ka ce a ɗauko maka ragon yana tafiya, ta gefe biyu, babban mutum yana tsaye kusa da shi. Ka ce a buɗe bakinsa ka ga haƙora. Rago yana fitar da manyan haƙoran gaba guda biyu wajen shekara guda zuwa guda da rabi. In da hali, ka aiki wanda ka yarda da shi ya taɓa bayan ragon da hannunsa. Kai kuma mai sayarwa, ka nuna dabbarka yadda take. Ramin ƙarya ƙurarre ne, wanda ka cuta bana ba zai dawo baɗi ba.

Na biyu, hoto yana shaida. In kana da waya, ko ɗanka yana da ita, ka ɗauki hoton manyan bisashenka ɗaya ɗaya. Ka yi yadda mai zane yake so: gaba, gefen dama, gefen hagu, ƙaho, da lambar da ka sa mata ga jiki ko ga kunne. Ka sake ɗauka kowace shekara, don dabba tana sake kama. Ranar da aka yi sata, ko saniya ta ɓace ta shiga garken wani, hoton zai taimake ka gaban mai gari ko jandarma. Ba ya maye gurbin shaidu da takardar ciniki, amma yana ƙara wa maganarka ƙarfi.

Na uku, yaro mai zane ba ɗan banza ba ne. Cikin kowane gari akwai yaron da yake zana raƙumi bisa ƙasa da tsinke, ko ya cika bayan kayensa na lakwal da dawaki. Kada a doke shi. A duba ko ya fitar da doron sa daidai, ko ya bambanta balami da uda. In ya iya wannan, Allah ya ba shi ido. Idon nan ana bukatarsa ga rubutun allon shago, ga ɗinki, ga gini, ga zanen littattafan yaƙi da jahilci, har ga aikin likitan dabbobi. A yi wa mushensa magana, a saya mashi fensir, ya kuma ci gaba da karatunsa da kiwonsa. Stubbs ɗan majemi ne. Abin da ya kai shi gaba shi ne ya tsaya ya dubi dabba da kyau, ya yi haƙuri da aikinsa.

Wanda yake da tambaya bisa wannan sana'a, ko yake son mu kawo labarin wata, ya rubuto mana da hannunsa. Wanda ya karanta kuma ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana bisashenmu. Sai wata mai zuwa.